Kifin Kawu Arvo Mai Laba Dubu Biyu

Ka taɓa ganin mutumin da kifi ya suɓuce masa, amma kifin bai daina girma ba? In ba ka taɓa gani ba, ba ka san kawuna Arvo Koskela ba ke nan. Ranar da salmon ɗin nan ya kuɓuce masa a gefen jirgi bara, laba talatin ne. Kafin Kirsimeti ya kai hamsin. Da na dawo gida Port Alder a farkon watan Yuni, riƙe da digirina na kimiyyar kifi, na tarar kifin ya fi teburin shagon kofi tsawo, har sai Kawu ya ce mutane su matsa kafin ya nuna inda jelar ta tsaya.

"Doka ce ta cinye ni, ba kifi ba," in ji shi, yana dukan teburin. "A ce ƙugiya ba ƙaya? Ai kamar a shafa maka sabulu a hannu ne a ce je ka kamo ɓarawo."

Dokar da yake kuka da ita kowa ya san ta a gaɓar Oregon. Mai neman salmon a teku ba ya ɗaura ƙugiya fiye da biyu, kowacce baki ɗaya, kuma dole ya matse 'yar ƙayar nan da ke kallon baya, don in ya kamo wanda bai isa ba, ko wanda aka hana, ya zare ƙugiyar ya sake shi da ransa. Shafi tamanin na rubuta a kan wannan ƙaya kafin a ba ni digiri. Na buɗe baki zan fara daga shafi na ɗaya, sai Iya Berta ta riga ni daga lungunta. Shekararta saba'in da tara, kuma ita ce ta ci kambun gasar salmon ta garinmu shekara uku a jere.

"Arvo, ni da ƙugiyar da ba ƙaya nake kamawa."

"Ke ai tausayinki kifi yake ji, Iya. Yana hango tsohuwa sai ya ce bari in taimaka."

"To kai ma ka tsufa mana. Me kake jira?"

Shago ya ɗauki dariya. Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga yatsa sama.

"Ku shaida. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar gasa, zan kawo kifin da sai an aro ma'aunin shanu."

Abin da bai faɗa a shago ba yana manne a ƙofar firijin gidansa. Sau biyu jami'an kula da kifi suna rubuta masa takardar laifi a kan ƙaya, kuma matarsa, Inna Lorna, ta jera takardun gefe da gefe, ta bar gurbin ta uku. Ta ce ranar da ta uku ta shigo gidan nan, Sisu zai hau tudu, za ta sa a girke shi a tsakar gida, ta cika shi da ƙasa, ta shuka kabewa. Sisu shi ne jirgin da Kawu ya gada wurin mahaifinsa, ƙafa ashirin da biyu, kuma shi kaɗai ne wurin da Kawu yake magana ba a katse shi ba. Inna Lorna kuwa ba ta maimaita magana.

"Kirsti," ta ce da ni, "ke da kika yi karatun abin, ki shiga jirgin nan tare da shi. Ki sa masa ido."

Murna ta kama ni. Shekara huɗu ina tara dabaru a kai, ga shi an ba ni jirgi da mutum. Washegari na kai allo garejin Kawu, na ja layi uku: koto, ƙyalli, ƙugiya.

Muka fara da koto. Ɗan kifin herin da ake ɗaura wa salmon, jiƙa shi ake yi a ruwan gishiri da garin madara, a ɗiga bula ta wanki sau biyu ko uku don ya yi sheƙi. Na auna gishiri, na auna madara, na miƙa wa Kawu kwalbar bula na ce ɗigo uku.

"Ɗigo uku na masu neman laba ashirin ne, 'yar nan."

Ya juye kwalbar gaba ɗaya. Ya duba, ya ce ruwan bai nuna himma ba, ya ƙara ta biyu. Ya naɗe hannun riga ya cakuɗa har gwiwar hannu, ya share gumi, ya sosa gemu yana tunani. Ran Lahadi a coci, fasto ya ɗago kai tsakiyar wa'azi, ya yi ido huɗu da mutum mai shuɗin gemu da shuɗin goshi a layin gaba, ya rasa inda ya tsaya, ya ce a tashi a yi waƙa. A bakin ƙofa Iya Berta ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Arvo, kai za a ɗaura a ƙugiyar?"

"Sirrin sana'a ne, Iya."

"Ai kuwa ya ɓoyu."

Sai ƙyalli. Gaban koto ake ɗaura wani faifai mai sheƙi, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da ɗan kai, yana juyi cikin ruwa kamar salmon na farauta, sauran su hango su taho kwaɗayi. Na zana wa Kawu a allo cewa gwargwadon faɗin faifai, gwargwadon nisan da kifi zai hango shi. A matsayin ilimi na faɗa. Da gari ya waye muka ji muryar Inna Lorna daga ƙofar gida.

"Wa ya ga murfin tayar motata ta baya?"

"Gari ya lalace, Lorna," in ji Kawu daga cikin gareji, yana tura wani abu ƙarƙashin buhu da ƙafa. "Da can ko makulli ba ma sawa."

Ya kamata in tona masa asiri nan take. Amma da na ga faifan, faɗinsa kamar tiren shayi, yana ɗaukar ido, sai lissafi ya taso mini. Ni da kaina na auna inda za a huda shi. Ni na riƙe, shi ya huda. Har na fara tunanin sunan da zan sa wa takardar da zan rubuta a kansa.

A kan ƙugiya muka ɓata. Na zauna da filaya na matse ƙayar ƙugiyoyinsa arba'in da shida ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kaina yana runtse ido kamar haƙoransa nake cirewa. Da na gama ya fito da tasa dabarar. Ya narka alewa a cokali, ya ɗiga a bakin ƙugiya, ya fere ta da wuƙa ta zama ƙaya.

"Ta riƙe kifi, kafin jami'i ya iso ta narke. Ina shaida? Babu. Wannan ba a koyar da shi a jami'a."

Muka tsoma ta a bokitin ruwan teku. Minti huɗu ta narke.

"Kawu, kifin nan sai ka ba shi lokaci ya zo a kan kari."

Ya yi guda goma ya shanya a taga su ƙara tauri, kiyashi suka kwashe su kafin azahar. Sai ya juya dabarar: a bar ƙayar gaske, a rufe ta da kakin kyandir, ido ya ga sumul, in kifi ya ciza kakin ya fashe. Nan na ajiye filaya.

"In ka yi wannan, Inna zan gaya wa. Yanzu, ba gobe ba."

Ya dafa ƙirji da shuɗin hannunsa. "Na bari. Na rantse da kabarin babana na bari."

Na yarda. Sai daga baya na tuna cewa kakana ba shi da kabari. Tokarsa muka watsa a teku, kamar yadda ya bar wasiyya, kuma Kawu ne ya tuƙa jirgin.

Ranar gasa, ƙarfe shida na safe, jirage arba'in suka fita daga tasha cikin hazo mai kauri, wanda in ka miƙa hannu sai ka yi ta neman yatsunka. Kowa ya kunna oba-oba, rediyon magana tsakanin jirage, a tasha ɗaya, kamar kullum, don gaisuwa da tsegumi. Da muka kai inda taswirata ta nuna, Kawu ya ba ni sitiyari ya ce in riƙe, shi zai ɗaura koto. Ya juya mini baya ya daɗe yana ɗaurawa.

"Kawu, in gani?"

"Kalli gabanki, kada ki hau kan mutane."

Ya jefa. Bisa lissafina, faifan zai nutse ƙafa arba'in ya riƙa juyi a hankali. Abin da na manta shi ne, abu mai zurfin ciki kamar kwano, in ka ja shi a ruwa, sama yake yi. Murfin taya ya nutse sau ɗaya, ya yi tunani, ya taso, ya kama tsalle a kan ruwa fal, fal, fal, yana jan shuɗin herin a bayansa, ya karkata dama ya shige hazo.

"Haka ya kamata ya yi?" in ji Kawu.

"A wani ɓangaren," na ce.

"Madalla. Farauta ya tafi." Ya ƙara sakar masa zare.

Ba a jima ba oba-oba ta fara tafasa. Wani ya ce wani abu ya wuce ta gabansa ya tsinke masa zare biyu. Wani ya ce ya ga faranti yana gudu shi kaɗai, kuma yau ko giya bai sha ba. Wata mata ta ce a yi hankali, akwai wani kifi shuɗi da ba ta taɓa ganin irinsa ba, ko a kira jami'a. Kawu ya ɗauki oba-oba ya ce shi ma ya gani, daga Japan irinsu suke zuwa. Wani zakin teku, irin ɓarayin dabbobin ruwan nan da ke ƙwace kifi daga ƙugiya, ya ɓullo kusa da mu ya bi zaren cikin hazo da saurinsa. Can sai ga shi ya dawo, ya dube mu, ya yi atishawa, ya nutse.

Sai sandar kamun kifin ta lanƙwashe.

Ban taɓa ganin sanda ta lanƙwashe haka ba. Bakinta ya sumbaci ruwa, Sisu ya karkata, kofin Kawu ya zube. Ya rungumi sandar da hannu ɗaya, ya fizgi oba-oba da ɗayan.

"Jama'ar Port Alder! Arvo Koskela ke magana! Kowa ya naɗe zarensa ya koma gida, gasa ta ƙare! Salmon ne, laba sittin in bai fi ba!"

Sai muryar Iya Berta, a sanyaye.

"Ka gan shi ne, Arvo?"

"Sai na gani? Shekara arba'in ina wannan sana'a! Ta jijjigar kansa na san salmon ne, namiji, kuma ya taɓa sanina!"

"To riƙe shi da kyau. Ni daga nan ina hango shi. Ƙato ne."

"Kin ji ko, Kirsti? Har maƙiya sun shaida!"

Ya yi ta naɗi. Kifin yana tahowa a hankali, da nauyi, kamar ana jan saniya zuwa kasuwa. Da ya matso sai ya zabura, zare ya riƙa fita yana kuka, Kawu yana ihu a oba-oba. "Ya gudu! Ya gudu! Laba tamanin!" Sai a ji wani ya fara magana, ya shaƙe, ya kashe tasa. Na ɗauka hassada ce. Sau biyar kifin yana gudu, kuma na lura duk lokacin da Kawu ya ce ya gaji, a lokacin yake zabura.

Na ɗauki koma, ragar kwaso kifi, na tsaya a gefe, na kasa kunne.

"Kawu, kifin nan yana da ƙarar inji."

"Numfashinsa ne. Manya haka suke yi."

"Kawu, ina jin warin fetur."

"Namu ne. Shirya koma!"

Minti arba'in cif. Gumi ya wanke bula daga goshinsa ya gangaro cikin ido, hularsa ta faɗa ruwa bai waiwaya ba. Daga nan iska ta taso, hazo ya fara yayewa, zaren ya fito daga ruwa ya miƙe sak. Na bi shi da ido. A ƙarshensa ga murfin taya yana lilo, ga herin ya yage, ga wata shirgegiyar ƙugiya mai baki uku, ta zamanin kakana, ta nutse a cikin igiyar da ke naɗe a goshin wani jirgi ruwan toka. A cikin jirgin Ofisa Ramos ne, jami'in kula da kifi, zaune ya harɗe ƙafa, kofi a hannun hagu, hannun dama a kan totur. A bayansa kuma jirage sun fi ashirin, sun kashe inji sun biyo shi shiru kamar 'yan rakiyar gawa, Iya Berta a sahun gaba tana cin burodi.

Kawu bai daina naɗi ba sai da jiragen biyu suka yi karo a hankali.

"Barka da asuba, Malam Koskela," in ji Ofisa Ramos. "Ka iya ja."

Na ajiye koma.

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, "ka ga wani kifi ya wuce ta nan?"

"Ni dai ina zaune ina karin kumallo, faranti ya zo ya buga mini sallama. Minti goma na yi ina fama in zare ƙugiyar nan in jefa maka abinka, ko sanin mai ita ba zan yi ba. Ta ƙi fita." Ya kankare ragowar kakin da farce, ƙayoyi uku suka bayyana, kowacce kamar ƙaramar kibiya. "Ka ga dalili."

"Ai da ka yanke zaren."

"Na yi niyya. Sai na ji kana ba da labari, na ga bai kamata in katse babba ba."

"To gudun fa? Sau biyar!"

Ofisa ya taɓa totur, injin ya yi gurnani. "Na ji ka ce na gaji."

Dariyar da jirage ashirin suka riƙe minti arba'in ta fashe lokaci ɗaya. Wani har ya zauna daɓas a cikin akwatin ƙanƙara. Amma Kawu ba ya faɗuwa da bugu ɗaya. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsan nan nasa.

"Tsaya, Ofisa. Dokar ƙaya ta masu neman salmon ce. Wa ya ce salmon nake nema? Gwajin kimiyya muke yi. Ga mai digiri nan, tambaye ta."

Ofisa ya dube ni. Na dubi ruwa, na ga yana da ban sha'awa ƙwarai.

"Malam Koskela," in ji shi, yana zaro littafinsa, "rabin garin nan sun ji ka ce salmon ne, namiji, laba tamanin, kuma ya taɓa saninka. A cikin huɗun nan biyu gaskiya ne."

Yana cikin rubutu oba-oba ta yi ƙara. Na manta, Kawu ma ya manta, cewa akwai wata a kan firijin gidansa.

"Ofisa, Lorna Koskela ce. Farantin nan, akwai ɗan lotsawa a gefensa?"

Ofisa ya juya shi. "Akwai, uwargida. Da huda biyu sababbi."

"Na gode. Arvo, kada ka yi sauri. Mai kawo ƙasa sai ƙarfe biyu."

Iya Berta ce ta sake cin kambu, da kifi mai laba ashirin da bakwai. A allon sakamako da ke tasha, can ƙasa, wani ya ƙara layi da alli: Arvo Koskela, laba dubu biyu, an sake shi da rai.

Yanzu muna watan Satumba. Sisu yana tsakar gida a kan katako, cike da ƙasa har baki, ganye ya rufe sitiyari. Na roƙi Inna Lorna, na amsa nawa laifin na huda murfi, har ta sassauta. Ta ce jirgin zai koma ruwa ranar da aka cinye kabewa ta ƙarshe da ya haifa. A ci, ta ce, ba a zubar ba, kuma tana ƙirgawa. Abin da ba mu sani ba, Iya Berta ce ta ba ta irin, wani iri ne da in ka tsinki ɗaya da safe, biyu za ka tarar da yamma. Mun ci dafaffiya, mun ci soyayyiya, mun ci a burodi. Fasto ya karɓi buhu biyu ya ce ikilisiya ta ƙoshi. Maƙwabta sun fara kulle motocinsu, don in ka bar gilashi a buɗe ka dawo ka tarar da uku a kujerar baya. Na yi lissafi a allo, a yadda muke ci da yadda take haihuwa, mu kaɗai ba za mu cim mata ba kafin a rufe kamun bana.

Don haka, mai karatu, in kana da baki da tukunya, ka taimaka. Gida na uku ne bayan coci, ba za ka ɓata ba, za ka ga mutum zaune a cikin jirgi a kan tudu yana kallon teku ta saman katanga. Ka gaishe shi da Kyaftin, kada ka ambaci Ofisa Ramos, kuma don Allah ka taho da babban buhu.